Muryar da Na Kai Bulumkutu a Kwali

Fitilunta na fara gani. Ina dawowa daga shagon hayar littattafai a Bolori, unguwarmu a Maiduguri, da littafi biyu a hammata, sai idona ya faɗa kan teburin mai gyaran rediyo da ke bakin layinmu. A tsakiyar matattun rediyoyi da tarin wayoyi akwai wata baƙar aba, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, da 'yan maɓallai bakwai a jere, kowanne a cikin tsagarsa, ana tura shi sama ko ƙasa. A samansu ƙananan fitilu kore da ja suna hawa suna sauka tare da kiɗan da ke fita a hankali. Na tsaya cak, irin tsayuwar da jarumin littafi yake yi idan ya ga budurwa ta sauko daga mota.

"Malam, ikwalaiza ce," in ji mai gyaran, ko kai bai ɗago ba. "Ta mota ce, amma da batir tana aiki a ɗaki. Ba ta da tsada. Yanzu wa ke neman ƙara a garin nan?"

Na tambaye shi aikinta. Ya ajiye ƙarfen da yake narka dalma da shi, ya nuna min.

"Ukun nan na hagu na kauri ne, dum-dum. Ukun nan na dama na siranta ne, tsi-tsi. Na tsakiyar nan shi ne mutum."

"Tana yi wa muryar mutum?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya san ni, ya san muryata, duk layin an sani. Ya danne dariya ya ce, "Ba ta canza halitta, Malam. Amma tana yi wa murya ƙiba."

Sai na faɗi abin da ke damuna kafin in ci gaba. Allah bai rage ni da tsawo ba, ga gemu daidai gwargwado, ga aikin koyarwa a firamare. Amma muryata siririya ce kamar zaren ɗinki. Idan na kira baƙuwar lamba, amsar farko ita ce, "Na'am, Hajiya." Hedimasta ya ba ni aji biyu tun ranar da na fara aiki, ya ce 'yan aji shida za su cinye ni ɗanye. Ni kuwa tun ina sakandare nake haɗiyar littattafan soyayya, kuma ban taɓa karanta guda ɗaya da jaruminsa yake da irin muryata ba. Kullum murya ce mai kauri, mai sanyi, wadda idan ta yi sallama budurwa takan saki abin da ke hannunta. Ni idan na yi sallama, cewa ake yi, "Shigo mana, ke wace ce?"

Ga shi kuwa akwai wadda nake so. A shagon hayar littattafan nan muka haɗu, mun miƙa hannu kan littafi ɗaya, na bar mata. Ɗalibar koyon aikin jinya ce, gidansu a Bulumkutu, takan zo Bolori wurin gwaggonta. Na samu lambarta, na zama gwanin saƙon waya. A rubuce ba wanda ya kai ni kauri. Wata huɗu muna haka, ban kira ta ko sau ɗaya ba.

Sai aka ɗauke sabis ɗin waya a garin gaba ɗaya. Dama an hana hawa babur, ga dokar hana fita da ke kora kowa gida tun rana ba ta gama faɗuwa ba, ga shingen bincike a kowace kwana. An rufe makarantarmu, an zuba mutanen ƙauyuka da suka gudo a cikin azuzuwa. Na zauna a ɗaki da waya a hannu, ba ta da amfani sai duba lokaci. Hanyata ɗaya zuwa Bulumkutu ita ce yayata, wadda ke sayar da turaren wuta da humra gida-gida, kuma kowace Talata sai ta shiga unguwar. Ta kai min wasiƙa uku. A ta huɗu ta ce ta gaji da zama gidan waya.

To a wannan hali na ga fitilun nan. Kafin magariba mai gyaran ya haɗa min ita da tsohuwar amfilifayata da sifika ɗaya da makirufo, ya ɗora su kan batirin mota da nake kunna fitila da shi.

Washegari bayan la'asar na yi gwajin farko. Na tura ukun hagu har ƙarshen sama, na murɗa ƙara, na ƙwanƙwasa kan makirufo da yatsa don in ji ko yana aiki.

Dum.

Gidan haya ne, ɗaki takwas. Kafin in ɗauke yatsa na ji tukunya ta kife a tsakar gida, na ji ana salati, na ji ƙofar gida ta bugu da bango. Na leƙa. Matar maƙwabcina ta goya tabarya a maimakon ɗanta, ta kai bakin titi. Mai gidan, dattijo mai ciwon gwiwa wanda sai an kama shi yake tashi, yana kwance ruf da ciki a bayan randa. Da aka gane daga ɗakina ne, ya tashi da kansa, ya karkaɗe riga, ya zo bakin ƙofata.

"Malam, a garin nan? A wannan zamanin?"

"Baba, gwaji nake yi."

"Ka gwada mu, ka ga mun iya gudu. In na sake jin dum ɗaya, kai da ita ku nemi wani gida."

Daga ranar na riƙa lulluɓe sifikar da bargo. Na kuma gano cewa muryata ta fi nauyi da na dawo daga sallar asuba, kafin in sha shayi. Don haka da gari ya fara wayewa sai in shige ƙarƙashin bargon ni da sifika da waya, in manna baki da makirufo, in ɗauki maganata. Kwana uku ina yi ina gogewa. A na huɗu na samu abin da nake so. Na ce mata ita ce fitilar zuciyata a garin da babu wuta. Na ce ko shinge ɗari aka kafa tsakanin Bolori da Bulumkutu, tunanina ba ya sauka daga keke ya ɗaga hannu. Na faɗi wasu abubuwan da yanzu ko a gaban madubi ba zan maimaita ba. Da na saurara, tsigar jikina ta tashi. Wani jarumi ne yake magana da bakina.

Na kunna wa Yaya kafin in ba ta memorin wayar da na ɗauki maganar a kai. Ta saurara har ƙarshe tana ɗaure kwalaben humra.

"Wannan wane ne?"

"Ni ne mana."

"Kai ne? Wannan ai sa ne ya faɗa rijiya. Ka ji tsoron Allah, autan Iya."

Amma ta ƙulle memorin a bakin gyalenta ta tafi.

Da ta dawo ba ta ko cire takalmi ba ta zauna a bakin gadona tana dariya har da hawaye. Sai da na ba ta ruwa sannan ta iya magana. Ashe tun da aka ɗauke sabis ba wanda ke damuwa da cajin waya a gidan, wayar yarinyar a mace take. Don ɗoki sai ta zura memorin a babbar rediyon mahaifinta da ke ajiye a baranda. Ta manta cewa rediyon nan kullum a ƙure take.

Mahaifin nata tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Sama da shekara kafin nan ya je kasuwa sayen igiyar ɗaure akuya, wani abu ya tashi kusa da shi. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma kunnuwansa suka tafi. Yana jin tsawa, yana jin wucewar babbar mota, maganar mutane kuwa sai dai ya ga baki yana motsi. Yana zaune a kan dardumarsa a barandar nan lokacin da muryata ta cika gidan, ta tsallaka katanga, ta sanar da maƙwabta cewa akwai fitila a gidan.

"Ya kashe ni," na ce.

"Ina fa," in ji Yaya. "Ya ɗago kai kamar an taɓa shi. Ya ce wa ke magana. Ya sa aka maimaita sau uku, ya manna kunne da rediyo. Ya ce rabon da ya ji maganar ɗan Adam daga farko har ƙarshe tun ranar kasuwa. Ya ce a turo masa mai muryar nan."

A nan Yaya ta faɗa min abin da ban sani ba. Tsohon yana da doka tun kafin kunnensa ya samu matsala: ba ya yi wa 'ya'yansa dole, amma ba mai samun izinin neman 'yarsa sai ya ji bakinsa da kunnensa. Ba ya karɓar wakili, ba ya karɓar takarda. Tun da ya daina ji, samari biyu sun zo sun koma. Mutum ɗaya ne ya tsallake, wani dillalin bandar kifi wanda idan ya yi ciniki a wannan bakin kasuwa ana jin sa a wancan. Ita kuwa yarinyar ta ce ko shi kaɗai ya rage ba ta so. Ga inda maganar ta tsaya.

Ranar Laraba na sa farar shaddata na tafi, ni kaɗai, hannu rabbana. A hanya na tsara yadda za a yi: zan durƙusa, zan yi gyaran murya, ƙauna za ta ba ni abin da ban da shi. A littafi haka ake yi.

Na same shi a baranda, siririn dattijo da farar hula da tabarau mai kauri. Matarsa na gefe tana tsinke zogale. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zuba min ido. Na sake gaishe shi. Ya juya wurin matar.

"Ki ce masa ya yi magana."

Ta yi masa alama da hannu cewa ai ina yi. Na ja numfashi na ɗaga murya iyakar ƙarfina. Abin da ban yi lissafi ba shi ne, muryata idan ta hau sama ƙara sirancewa take yi. Wata kaza da ke ƙarƙashin kujera ta amsa min. Na ji ana dariya ƙasa-ƙasa a bayan labulen ɗaki.

Tsohon ya yi wata magana da Kanuri wadda na gode Allah ban gama fahimta ba, sannan ya dawo Hausa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa.

"Wannan ɗan aike ne. Ƙaninsa ne ko? Ka koma ka ce wa yayanka ni ba a aiko min. Shi da ya iya cika min gida da fitila, ya zo da ƙafarsa. Ina nan har Juma'a bayan an sauko. In bai zo ba, kada a sake kawo min maganarsa."

Na tashi na fito. A zaure ta tare ni, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, amma idonta ya nuna ita ce mai dariyar bayan labule.

"Malam, me ya kai ka?"

"So ne."

"So ne ya ce ka zama sa?"

Ashe Yaya ta riga ta raba wannan maganar a gidan.

"To ka ji," ta ce. "Baba ba ya canza magana. Abin da ka yi ƙaryar da shi, shi za ka ɗauko ka zo ka yi gaskiya da shi."

Ranar Juma'a da hantsi na zuba komai a kwalin taliya: batir a ƙasa, amfilifaya a kai, ikwalaiza, makirufo, wayoyi ja da baƙi sun leƙo ta gefe. Sifikar na naɗe ta a bargo. Sai da na fito bakin titi na ga yadda mutane ke buɗa min hanya, sannan na fahimci abin da na ɗauko. A Maiduguri ta lokacin, ko buhun gawayi ka ajiye ka matsa, sai layi ya watse.

Mai keke na farko ya tsaya, ya leƙa kwalin, ya ja kekensa ko sallama babu. Na biyu ya ce, "Batir da waya a kwali? Malam, kana da iyali kuwa?" Na uku bai ma tsaya ba. Sai ga Yaya ta fito da jakar turarenta, ta ce ba za a yi wannan abin kallo babu ita ba. Ta tare na huɗu, ta shiga, ta ɗora kwalin a cinyarta, ta ce masa, "In ya tashi da ni zai fara. Mu je."

Shinge biyu muka wuce lafiya, don ƙamshin humra ya riga mu isa kuma sun san Yaya. A na uku, kusa da shiga Bulumkutu, aka sauke kowa kamar yadda aka saba, muka jera hannu a sama. Wani soja ya leƙa cikin keken. Ban ga lokacin da ya yi baya ba, na dai ga bakin bindiga, na ga mutanen da ke layi sun zama ƙura.

"Na wane ne?"

Na ɗaga hannun da dama a sama yake.

Ya nuna min wani fili can gefen titi, ya ce in ɗauka in kai tsakiya, in buɗe ni kaɗai. Na tafi ina jin gumi yana bin bayana, farar shaddata ta manne. Na fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa sama. Daga bayan buhunan yashi ya yi tsawa da Hausarsa ta bariki:

"Wannan baƙi mene ne?"

Na faɗa masa. Bai ji ba. Na sake faɗa. Ya juya wurin abokinsa, da alama yana tambaya ko matar da ke magana tana ina. Daga ƙarshe ya ce in kunna.

Na haɗa wayoyin. Fitilun suka kama, jajayen suka fara ƙiftawa. Na ji wata mata can nesa ta ce innalillahi. A wannan minti ba abin da ya fi fitilun nan muni a idona. Na ɗauki makirufo da sauri na ce, "Assalamu alaikum. Kayan sauti ne."

Murya ta fita mai kauri, mai sanyi, ta ratsa filin. Sojan ya dubi sifika, ya dube ni, ya sake duban sifika. Sai ya tuntsire da dariya har ya dafa buhu.

"Ina za ka kai shi?"

Yaya ce ta amsa daga inda take, hannunta har yanzu a sama. "Neman aure, ranka ya daɗe. Tasa ba ta isa ba, ya yi aro."

Sojan ya zo da kansa ya tsuguna yana tura maɓallan sama da ƙasa. Ya karɓi makirufo ya yi wata doguwar magana da yarensu, a hankali, ba da wasa ba. Da ya gama ya ce min matarsa yake gaisarwa, wata biyu bai ji ta ba. Ya taya ni mayar da kayan cikin kwali, ya ce in an yi biki a kawo musu shinkafa.

Mun isa ana saukowa daga masallaci. Tsohon ya gan ni ya ɓata rai.

"Kai ne kuma? Ina yayan naka?"

Na nuna kwalin. Na shimfiɗa kayan a kan tabarma a gabansa, na jingina sifikar da ginshiƙi kusa da kunnensa na dama, wanda aka ce ya fi dama-dama. Matarsa ta bar aikinta, Yaya ta samu kujera, labulen ɗaki ya ɗan motsa. Na roƙi a sanar da maƙwabta tukuna, don na koyi darasi. Sannan na durƙusa, na riƙe makirufo da hannu biyu.

"Baba, ina wuni."

Ya zabura. Ya dubi bakina, ya dubi sifika.

"Sake."

"Baba, ina wuni. Ni ne. Ba ni da wa namiji."

"Ina jin ka, amma kamar kana cikin tulu. A rediyo ka fi haka."

Sai muka shiga aikin da ban taɓa tunanin za a yi da ita ba. Na ce masa zan riƙa ƙirga ɗaya zuwa goma, ina taɓa maɓallan, shi kuma ya ɗaga yatsa idan magana ta fito. Na sauke na farkon hagu, ya ce gara. Na sauke na biyu kaɗan, ya ce mayar. Na ɗaga na tsakiya, wanda mai gyara ya ce shi ne mutum, sai yatsansa ya tashi. Na ɗaga na biyar, ya ce, "Bakwai! Na ji bakwai!" Na ƙarshen dama bai yi masa komai ba, ya ce in bar shi ya huta. Muka yi ta yi har maɓallan suka tsaya a karkace kamar haƙoran tsohuwa. Ya ce, "Tsaya nan. Kada ka sake taɓawa."

Ya gyara zama. Na san lokacin faɗin gaskiya ya yi.

"Baba, muryar da ka ji ba tawa ba ce gaba ɗaya. Wannan abar ce take ƙara mata. Tawa siririya ce. Na yi ne don in burge, ban yi don in yaudare ka ba."

Ya kalli fitilun suna sauka. Ya cire tabaransa ya nuna min.

"Wannan idona ne?"

"A'a, Baba."

"To da shi nake ganin ka, kuma ba ka yi min kyau ba. Ci gaba. Ɗan wane ne kai?"

Ya tambaye ni mahaifina da unguwar da aka haife ni. Ya tambayi aikina, ya tambayi abin da nake yi tun da aka rufe makaranta, na ce ina zuwa ina koya wa yaran da ke zaune a azuzuwanmu karatu da safe. Ya tambayi wanda ya koya min kiran 'yar mutane fitila. Na ce littattafai. Ya ce a rage. Sannan ya sa na maimaita maganar shingen nan da keke, a gaban matarsa da yayata, da rana tsaka, ya ce yana so ya tabbatar bakin ɗaya ne. Na maimaita ina kallon tabarma. Yaya ta cusa gyale a baki.

Da na gama sai ya miƙa hannu ya karɓi makirufon, ya juya shi, ya miƙa wa matarsa.

"Ke. Ce wani abu."

Ta goge hannu a zani, ta riƙe shi nesa da baki kamar zai cije ta. Na matsar mata da shi.

"Alhaji," ta ce. "Kana ji na?"

Ya mayar da tabaransa, ya sake cirewa, ya goge da bakin riga. Duk muka sunkuyar da kai.

"Ina jin ki," ya ce.

"To alhamdulillahi. Tun bara nake ce maka rufin ɗakin girki yana yoyo. Kuma akuyar nan da ka ƙi sayarwa ta cinye min zogale sau uku. Kuma ƙaninka da ya zo ya kwashe buhunan..."

Na ga hannunsa yana lallaɓawa kan amfilifaya. Ya dube ni. "Wanne ne na ragewa?"

Na nuna masa. Ya murɗa a hankali har bakinta ya koma motsi kawai, ya gyaɗa kai kamar wanda ya sayi abu mai kyau.

"Ka turo manyanka," ya ce min. "Amma kwalin nan a nan zai kwana."

Kwalin bai sake kwana a Bolori ba. Kafin in fita, wadda nake so ta fito da kwalbar jan farce ta ɗiga alama a gefen kowane maɓalli, don kada jikoki su taɓa a rasa wurin. Na tsaya ina kallon fitiluna a barandar wani. A zaure na ce mata yanzu ba ni da sauran abin da zan burge ta da shi.

"Malam," ta ce, "ranar da ka bar min littafi a shago, da wace murya ka ce in ɗauka?"

Aka ɗaura aure bayan sallar layya. Mun kai shinkafa shingen nan, amma an riga an canza sojojin, waɗanda muka samu suka ci.

Tsohon ya yi shekaru da ikwalaizar nan. Da ita yake jin labarai, da ita yake jin tafsiri da azumi, da ita ake kawo masa ƙarar jikoki. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya durƙusa ya ɗauki makirufo, har mai unguwa. Fitilun suka riƙa mutuwa ɗaya-ɗaya, ya hana a kai gyara, wai kada a taɓa masa saiti. Bayan gari ya lafa, babban ɗansa da ke aiki a Abuja ya kawo masa ɗan abin ji da ake maƙalawa a kunne. Ranar da aka sa masa ina wurin. Na yi sallama da bakina, ba makirufo. Ya waiwaya hagu da dama.

"Wace ce ta shigo?"

Aka nuna ni. Ya daɗe yana kallona, ni da 'ya'yana biyu a gefe. Sai ya zare abin daga kunnensa ya jefa a aljihu, ya nuna min makirufo da haɓa. Daga ranar yakan sa abin ji idan zai je masallaci ko kasuwa, amma ni dai sai ta sifika.

A ciwonsa na ƙarshe an mayar da shi ɗaki, kayan kuma suna baranda, batirin ya daɗe da mutuwa. Na je duba shi da hantsi, na zauna a bakin gado ban san yadda za mu yi ba. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ɗauko abin jin, ya maƙala da kansa, ya ce in karanta masa abin da ya sauƙaƙa. Na karanta da muryar da Allah ya ba ni. Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe.

"Ba laifi," ya ce. "Amma da wannan na ji ranar farko, da mai kifi ne zaune a nan."

Ya rasu cikin makon, ranar Laraba, aka kai shi bayan azahar.